Bakin da Darakta Ba Ta Rufe Ba

Duk wanda bai san Anti Darakta ba, duniya ta wuce ta bar shi a tasha. Ita ce macen da ta 'yantar da zare daga bauta. Kafin zuwanta mata saƙa kawai suke yi, bayan zuwanta ne suka fara fasaha. Ba ni na faɗa ba, yana nan rubuce a katinta da ruwan zinare, gaba da baya: Darakta Janar, Cibiyar Saƙar 'Yantacciyar Zuciya. Cibiyar ɗaki ɗaya ce a hawa na biyu, saman shagon mai gyaran talabijin, da benci uku, da teburi mai ɗingishi, da taga guda. Amma kada wannan ya rage ta a idonka. Babu inda aka ce sai da faɗin ɗaki ake zama Janar.

Masu baƙin ciki suna cewa babu wanda ya zaɓe ta. Gaskiya ne, to amma wa ya zaɓi rana kafin ta fito? Maigidanta ne ya saya wa ɗakin fanka, irin mai tsayuwa da ƙafa ɗaya tana girgiza kai. Ranar da aka kawo fankar, Anti ta biyo ta a baya, ta ja kujera ta zauna a gabanta, kuma tun daga nan ba a ƙara raba su ba. Ragar fankar ta cire tun watan farko, aka jingine ta a bayan ƙofa. Darakta ta ce a bar ta haka, iskar ta fi zuwa kai tsaye.

Kafin fanka da kati, ɗakin yana da malama. Gwaggo ake ce mata, kuma gwaggon Darakta ce ta jini, ƙanwar mahaifinta. Shekara ashirin da huɗu tana koyar da saƙa a nan, a ƙarƙashin ƙungiyar mata masu sana'ar hannu. Kujerarta tana jikin taga, don idonta ya fara neman haske. Mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidanta shiru kamar an share. Kujerar nan ce take tashinta da safe, ita take sa ta ɗaura ɗankwali ta hau matakala ashirin da biyu tana hutawa a tsakiya. Ta taɓa ce wa ɗalibanta, cikin wasa, ranar da aka raba ta da tagar nan su fara zuwa duba ta a gida. An yi dariya, amma kowa ya san ba wasa ba ne.

A hannun wannan tsohuwa Darakta ta yi karatunta mai zurfi, na mako uku cur. Ta koyi ɗora ido, wato jera 'yan madaukan zare a kan allura. Ta koyi saƙar gaba da ta baya. Saura darasi ɗaya, wanda mata suke kira rufe baki: in saƙa ta kai ƙarshe, sai a riƙa tsallakar da ido kan ido har a ɗaure na ƙarshe, don in ba a yi haka ba, duk wanda ya ja bakin zaren zai mayar da aikin wata guda ya koma ƙwallo. Ranar wannan darasin ta zo daidai da ranar ɗaukar hoton kati. Darakta ta aiko da saƙo cewa wanda ya iya hawa ba a koya masa sauka.

Wata biyu ta yi tana fama. Ta saƙa hula, ba a sami kan da ya shige ta ba. Ta saƙa safa, aka zuba mata makullai. Wata ƙaramar mace da tuni ta ajiye allura ta koma wata sana'ar. Amma Allah ba ya barin manya cikin kunya. Wata rana tana murza waya sai ta ci karo da wasu mata suna saƙa ba zane, ba awo, suna gauraya ulu mai kauri da siriri, mai gashi da mai santsi, ja da kore da ruwan toka, abin ya fito kamar lambu. Ta kalli hoton. Ta kalli hular da ke kan cinyarta. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Washegari ta tara mata, ta tsaya gaban fanka.

"Ɗalibai," in ji ta, ga mata tara waɗanda shida cikinsu sun girme ta, "daga yau an daina ƙirga ido a wannan cibiya. Ƙirge aikin masu tsoro ne. Zare yana da ruhi. Ni ba na saƙa zare, sauraronsa nake yi. Inda ya ce zai je, nan nake raka shi."

Nan take aka sauya wa kowane kuskure suna. In ido ya zame ya bar rami, wannan tagar numfashi ce. In zare ya cukurkuɗe ya yi ƙulli, wannan wurin tsayuwar tunani ne. In gefe ɗaya ya karkace, ruhi ne ya waiwaya. Tef ɗin awo kuwa, ta naɗe shi ta jefa a aljihun teburi, ta ce ya yi mulkinsa ya gama.

Cikin ɗaliban, Maman 'Yan Biyu ce ta fara cin moriyar sabon ilimi. Ta roƙi a yi wa ɗan autanta suwaita, Darakta ta ce ita da kanta za ta yi. Da aka kawo, hannu ɗaya ya wuce gwiwar yaro, ɗayan ya tsaya a hammata. Uwar ta juya rigar sama, ta juya ta ƙasa, ta rasa ta inda ake shiga.

"Ke matsalarki," in ji Darakta, "kina so ki tilasta wa riga ta bi yaro. Ki bar yaro ya girma ta inda rigar ta nuna masa."

Maman 'Yan Biyu ta yi godiya, ta kai gida, mage ta haihu a ciki.

To, akwai wani ɗan abu da tarihin cibiya bai rubuta ba. Wannan saƙa ta gauraye da Darakta ta gano a waya, Gwaggo ta yi shekara talatin tana yin ta, sai dai ita tsince-tsince take ce mata. Tana da gwangwanin biskit da take tara guntayen ulu, duk abin da ya rage daga hular wani ko safar wata. Ba ta bin zane, amma hannunta yana ƙirge ko da bakinta yana hira. In ta zo kan zare mai kauri sai ta sauya allura ta rage ido. In siriri ne sai ta ninka shi biyu. Kowane guntu in ya ƙare, sai ta sa allurar ɗinki ta ɓoye wutsiyarsa ta baya, yadda ko da fitila ba za ka gano ba. Takan ce zare mai kauri da siriri yaya da ƙani ne, suna zama wuri ɗaya lafiya lau, in babba ya san yadda zai zaunar da su.

Da irin wannan ta yi wani bargo. A cikinsa akwai ruwan ƙasa daga suwaitar marigayi mijinta, da ta warware bayan rasuwarsa. Akwai ruwan hoda na hular jikarta ta fari. Akwai wani shuɗi mai ƙyalli da ita ma ta manta daga ina ya fito. A da, Darakta tana kiran bargon tsumman ƙarshen wata. Bayan an buɗe mata ido ta daina kiransa komai, ta daina ganinsa ma gaba ɗaya, don bai kamata abin da mutum ya ƙirƙiro bana ya zama yana ninke a kan kujerar wata tun shekarun baya ba.

Shi ya sa ta rubuta wa ƙungiya takarda. Shafi huɗu, uku a kan kanta. A na huɗun ta bayyana, cikin tausayi, cewa malamar yanzu ta yi hidima, ta gaji, zamani ya wuce ta, ya kamata a sallame ta ta huta, a miƙa koyarwa ga hannun da ya san inda duniya ta dosa. Ba ta faɗi hannun wa ba, saboda kunya. Ƙungiya ta amsa cewa Shugaba za ta zo da kanta ta ga aiki, sannan ta yanke wa za ta riƙe ɗakin.

Gwaggo ta ji labari a bakin wata ɗaliba, Mai Safa, wadda ba ta iya riƙe magana ba. Ranar sau uku Gwaggo tana warware layi ɗaya, ita da ba a taɓa gani ta yi kuskure ba. Ni dai abin ya ba ni haushi, kuma har yau in na tuna yana ba ni.

Darakta ta shiga shirin babban aikinta, doguwar rigar sama mai buɗaɗɗen gaba, tun daga wuya har idon sawu. Tun kafin a ɗora ido ɗaya ta raɗa mata suna: Tafiyar Ruhi. Sai dai ruhin ya ƙi tashi daga tasha, domin wuya da kafaɗa ba sa jin huɗuba, sai an ƙirga. Ta yi sau biyar, sau biyar yana fitowa kamar bakin buhu. Ran nan da hantsi sai ga ta a gidan Gwaggo, da leda a hannu, tana waige-waige.

"Gwaggo, ɗan kafa mini wuyan nan mana. Aikin ofis ya sha mini kai, ba ni da lokacin ƙananan abubuwa."

Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau. Ta san da takardar, kuma Darakta ta san ta sani. Amma ɗiyar yayanta ce, ita ta goya ta ranar da aka yaye ta. Ta karɓi ledar. Kwana huɗu ta saƙa wuya da kafaɗa da guntayen gwangwaninta, ta rufe bakin tsaf kamar yadda hannunta ya saba. Daga wannan gefen Darakta ta tsinci ido ta gangara ƙasa, ta ci gaba da sauraron zare.

Kuma zaren ya yi magana. Ya ce a sa ulu kala goma sha huɗu, aka sa. Ya ce a yayyaga tsohon ɗankwali a haɗa, aka haɗa. Igiyar takalmi ta shiga. Ribon da aka ɗaure kwalin fanka da shi ya shiga. Duk inda wani ya ƙare sai ta ƙulla shi da na gaba, ƙulli kan ƙulli, har rigar ta zama zare ɗaya tal mai tsawon unguwa. Da allura mafi kauri ta yi, don a gama da wuri, shi ya sa rabin rigar tagogin numfashi ne. Da ta kai idon sawu ta tsaya, ta zare allura, ta kalli idanun da ke jere a buɗe suna kallonta. A nan ne sabuwar doka ta sauko.

"Rufe baki zalunci ne ga zare," ta sanar wa ɗalibai. "Wa ya ce saƙa tana ƙarewa? Fasaha ba ta da ƙarshe. Ni ba na rufe wa aikina baki."

Ta soke gefen da fil goma sha biyu, ta rataye rigar a ƙusa.

Ranar zuwan Shugaba, tun da sassafe Darakta take ba da umarni. Aka ɗauke kujerar Gwaggo daga taga aka kai ta lungu, kusa da tsintsiya, domin hasken tagar na masu hoto ne. Teburi ya ƙi daina ɗingishi, ga tabon shayi a samansa, sai ta fizgi bargon Gwaggo ta shimfiɗa a kai, ta jera nata kayan: hular da ba ta da kai, safar makullai, da wani abu mai kunne uku da ta ce sunansa Tambaya. Sannan ta sa Tafiyar Ruhi a kan wata tsohuwar rigar zaman gida mai tabon dutsen guga a ciki, tunda ba mai gani. Ta duba madubi, ta ga fil suna ƙyalli a ƙasa, za su ɓata hoto. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Wutsiyar zare ta sauka tana jan ƙasa a bayanta.

Gwaggo ta hango daga lungu. Ta taso da allura a hannu.

"'Yar nan, zo in rufe miki bakin nan kafin baƙi su iso. Minti goma ne."

Darakta ta juyo a hankali, ta dafa ƙirji.

"Ni za ki rufe wa baki, Gwaggo? A cibiyata? Yau, ranar da duniya za ta ji ni? Na san hassada ba ta tsufa, amma ban zaci ta kai nan ba. Bakina a buɗe yake, kuma a buɗe zai zauna!"

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Gwaggo, ta koma ta zauna.

Shugaba ta iso da mata biyu. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, yatsunta duk kanta irin ta wadda ta daɗe da riƙe allura. Aka ba ta benci na gaba. Darakta ta kunna fanka a lamba uku don rigar ta riƙa kaɗawa, ta kafa doka cewa ba a katse ta in tana jawabi, sannan ta yi wani juyi guda don a ga baya. A wannan juyin ne wutsiyar zare ta tashi sama ta faɗa cikin fankar da ba ta da raga. Fanka ta karɓa, ta fara naɗewa.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, ɗalibai. Abin da kuke gani a jikina ba riga ba ce. Tarihi ne. Wasu sun yi shekara ashirin suna ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba su kai ko'ina ba. Ni cikin wata shida na kai inda ƙirge ba ya zuwa."

Layin farko ya tafi. Na biyu ya bi shi. Igiyar takalmi ta wuce ta gaban Shugaba, ribon kwali ya koma gida. Idon sawu ya bayyana. Mai Safa ta ɗaga hannu.

"Tambaya sai ƙarshe," in ji Darakta. "Wannan aiki, in kun lura, yana da rai. Yana motsi. Ni kaina yanzu haka ina jin yana motsi a jikina."

Babu wanda ya musa. Rigar ta kai gwiwa. Kore ya tafi, ja ya tafi, ɗankwali ya tafi yanki-yanki yana ɗaga wa jama'a hannu. Maman 'Yan Biyu ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Darakta ta ga idon kowa a kanta, ba mai ƙiftawa, sai ta gane cewa jawabin ya kama su, ta ƙara murya.

"Kuma ina jin wani sauƙi, ranki ya daɗe! Wanda ya 'yantar da zare, nauyi sauka yake daga jikinsa! Ina jin iska tana ratsa ni ta ko'ina!"

Tabon dutsen guga ya fito ya gaida baƙi. Zaren ya haura ciki, ya haura ƙirji, yana gudu, har ya iso gefen da Gwaggo ta rufe. Nan ya tsaya cak. Ya miƙe ya yi tauri. Fanka ta ja, gefen ya ƙi. Ta yi gurnani, ta sunkuyar da kai, ta mutu da ƙaton ƙullin ulu a wuya. Sai a lokacin Darakta ta dubi ƙasa.

Abin da ya rage na Tafiyar Ruhi ɗan abin kafaɗa ne, daga wuya zuwa saman ƙirji. Kuma kyakkyawa ne, wannan shi ne abin takaicin. Ruwan toka ya narke cikin shuɗi, mai gashi ya kwanta jikin mai santsi, ko'ina ya zauna daram.

A ba Darakta haƙƙinta, ba ta faɗi ba. Ta gyara tsayuwa.

"Wannan, ranki ya daɗe, da gangan ne. Shi ake kira saƙa mai komawa asalinta. Na shirya shi ne don..."

Shugaba ba ta saurara ba. Ta taso, ta kama gefen abin kafaɗar, ta juya bayansa, ta bi shi da babban yatsa tana neman wutsiyar zare, ba ta samu ba. Ta juya ga teburi, ta ɗauke hula da safa da Tambaya ta ajiye su a benci, ta ɗaga bargon zuwa haske. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta haɗa gefen bargon da gefen abin kafaɗar.

"Hannu ɗaya ne ya rufe waɗannan biyun," ta ce. "Na wace ce?"

Mata tara suka juya lungu, wajen tsintsiya.

Shugaba da kanta ta ɗauko kujerar ta mayar jikin taga. Ta riƙe hannun Gwaggo har ta zauna, ta ninke bargon ta ɗora mata a cinya. Ta ce ƙungiya ta ga aiki, malama tana nan inda take, kuma tana roƙon a buɗe aji na musamman don wannan tsince-tsincen. Gwaggo ta shafa wurin ruwan ƙasa na bargon, idonta ya ciko, ta ce hasken tagar ne ya yi mata yawa.

Darakta tana can durƙushe gaban fanka, tana neman bakin zare a cikin ƙullin, tana bayyana wa fankar cewa ba kowane zamani ne yake gane manyansa ba, kuma dama ita ta fara gano hazaƙar tsohuwar, kuma in an duba da kyau wannan nasara ta cibiya ce, kuma...

"'Yar nan," in ji Gwaggo, a hankali, ba tare da ta ɗago daga allurarta ba. "Gobe ki zo da wuri. Akwai darasin da kika tsallake."

Ta zo kuwa. Rufe bakin saƙar, cikin rabin awa ta iya shi. Ɗayan bakin kuwa, har yau Gwaggo tana neman allurar da za ta rufe shi.